Wasannin Waya: Sabo Turken Wawa

Duk wanda ya zauna a Kano ko Katsina ko Zariya a tsakiyar shekarar 2024 ba zai manta da yadda dangwalar waya ta game gari ba. A majalisa, a bakin shago, a cikin A-daidaita-sahu, kai har a harabar masallaci kafin a tayar da iƙama, za ka tarar da matashi ya duƙufa yana ta ƙwanƙwasa hoton wani ɓera da yatsu biyu ko uku. Wasan Hamster Kombat ke nan, wanda ya ɓulla a manhajar Telegram cikin watan Maris na wannan shekara, har masu shi suka yi iƙirarin cewa mutum miliyan 300 ne suka shiga a faɗin duniya. Masu yin sa, waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan baiwa, sun shafe watanni suna jiran ranar da abin zai "fashe". Da ranar ta zo, wato 26 ga Satumba, da yawa daga cikinsu abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, wasu ma ko kuɗin datar da suka ƙona bai mayar musu ba.

An yi dariya, an yi habaici, aka wuce wurin. Amma akwai tambayar da ba mu tsaya mun yi wa kanmu ba: me ya riƙe mutum mai hankali, wani ma magidanci da iyali, wata shida cur yana komawa ga wasan da babu komai a cikinsa sai dangwale? Kwaɗayin kuɗi na ciki, babu shakka, to amma ba shi kaɗai ba ne. Sanin amsar na da muhimmanci, domin kasuwar ɓeran nan ta ci ta watse, amma dabarun da aka riƙe jama'a da su suna nan daram a cikin PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile da eFootball, waɗanda ke hannun 'ya'yanmu da ƙannenmu a yau.

Bari mu tuna wa mai karatu yadda aka tsara wancan wasa. Kowace rana akwai kyautar da za ka shiga ka karɓa, kuma kullum ƙaruwa take yi, amma idan ka tsallake rana ɗaya sai ka koma farko. Ribar da aka ce tana taruwar maka ko kana barci, tsayawa take yi bayan sa'o'i uku, sai ka sake buɗe wayar kafin ta ci gaba. Kowace rana kuma ana sakin wasu katuna uku da wata kalmar sirri da dole ka nemo kafin gobe. Sannan duk abokin da ka jawo, ana ba ka lada. Ka ga ke nan an ɗaure mutum da agogo, an kuma mayar da shi ɗan talla ba tare da an biya shi ko sisin kwabo ba.

Waɗannan dabaru suna da tarihi. A da, lokacin da gidajen gem suka fara yawa a unguwanninmu da Sega da PlayStation, kamfani kan sayar da kaset ko faifai sau ɗaya ne, ya karɓi kuɗinsa, shi ke nan. Yaro zai biya mai shago ya buga wasa ɗaya ko biyu, in kuɗinsa ya ƙare ko aka ɗauke wuta ya kama gabansa. Hatta dara da ludo da manya ke yi a gindin bishiya suna da lokacin tashi, da an kira magariba an watse. Da intanet ta zo sai cinikin ya sauya salo. A 2004 kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da World of Warcraft, wasan da ake biyan kimanin dala 15 duk wata, kuma a 2010 masu biya suka kai miliyan 12. Daga nan lissafi ya koma na mai gidan haya: ribarsa na ga ɗan hayar da bai tashi ba. Zuwa 2015 adadin ya sauko miliyan biyar da rabi, kamfanin ya daina ma bayyana shi. Darasin da 'yan kasuwar suka ɗauka shi ne a buɗe ƙofa kyauta kowa ya shigo, sai ya saba sannan a fara tatsarsa.

Dabara ta farko ita ce wadda muka ambata, kyautar kullum. Ta biyu ita ce tikitin zango, wanda wasan Fortnite ya yayata tun daga ƙarshen 2017, yanzu kuma kusan kowane babban wasa na da irinsa. Za ka biya kuɗi ka sayi tikiti na wasu makonni, amma kayan da ke cikinsa, irin su tufafi da makamai na ado, ba za a miƙa maka su ba sai ka yi ta buga wasan kana hawa mataki-mataki. Idan zangon ya ƙare ba ka kai ba, kuɗinka ya bi ruwa. Idan kuwa ka kai, a wasu wasannin sai a ba ka abin da zai ishe ka sayen tikitin zango na gaba. Ta kowace fuska dai an hana ka tashi. Saboda haka idan uwa ta aiki yaro ya ce a bari ya ƙarasa, sau da yawa ji yake yi kamar bashi ne a wuyansa, wanda ke da ranar biya.

Ta uku ita ce kuɗin cikin wasa. Ba a rubuta farashi da naira ko dala, sai dai da UC ko lu'ulu'u ko tsaba. Yaron da zai yi ciniki mai zafi a kasuwar Kantin Kwari kan ɗari biyu, shi ne zai kashe dubbai bai ji ba, domin abin da ya gani yana fita ba ya kama da kuɗi. Bugu da ƙari, akan sayar da waɗannan kuɗaɗe a dunƙule ta yadda sau da yawa sai an bar maka ɗan canjin da ba zai sayi komai ba, sai ka ƙaro.

Ta huɗu, wadda ta fi tayar mana da hankali, ita ce akwatin sa'a. Ka biya, ka buɗe, ba ka san abin da zai fito ba. Mai yiwuwa shahararren ɗan ƙwallon da kake nema ne, mafi yawan lokuta kuma tarkace ne. Tun a shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, B. F. Skinner, ya nuna a gwajin da ya yi da tattabaru cewa tsuntsun da bai san lokacin da hatsi zai faɗo ba ya fi naci wajen saran maɓalli, kuma ya fi wuyar dainawa, a kan wanda ake ba shi a ƙa'ide. Da irin wannan tsari injinan caca ke aiki, shi ne kuma aka cusa a wayar yaro ɗan shekara goma sha biyu. Ta biyar kuwa ita ce abokai. Ana haɗa 'yan wasa rukuni-rukuni, mutum huɗu a tawaga, ta yadda wanda ya ce zai kwanta da wuri zai ji kamar ya ci amanar 'yan'uwansa.

Kada wani ya ɗauka zargi ne kawai na masu ƙin zamani. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 520 bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhume shi, daga ciki dala miliyan 245 ta mayar wa mutanen da aka ce an tsara maɓallan wasan ta yadda za su sayi abin da ba su yi niyya ba. A 2018 ƙasar Beljiyam ta ayyana akwatin sa'ar da ake saya da kuɗi a matsayin caca, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a can a farkon 2019. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2019 ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022, ko da yake ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasan abin ke kai su ga haka.

A nan ya kamata mu yi adalci. Wasa ba laifi ba ne, kuma matashin da ke zaune yana buga ƙwallo a waya da abokansa ya fi mana wanda ke yawon daba ko shaye-shaye. Akwai ma waɗanda ta nan suka fara sha'awar kwamfuta. Haka nan ba mu goyon bayan masu cewa a haramta wasannin gaba ɗaya, domin an gwada an gani. Indiya ta haramta PUBG a watan Satumba na 2020, kafin shekara ta zagayo ya dawo da sabon suna. Koriya ta Kudu ta kafa dokar hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 wasa daga sha biyun dare zuwa shida na safe a 2011, bayan shekara goma ta soke ta da kanta. Ƙasar Sin ce ta tsaya kai da fata a 2021, inda ta taƙaita wa yara sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, to amma ita tana da ikon tilasta wa kamfanoninta tantance kowane mai wasa da sunansa na gaskiya, abin da mu ba mu kai ga shi ba. Tarkon ya kamata a kwance, a bar wa yara wasansu.

Don haka kiranmu na farko ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya ne, wato FCCPC. Hukumar da ta iya cin kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024 ba za ta ce kamfanonin wasa sun fi ƙarfinta ba. Ta wajabta musu rubuta farashi da naira ƙarara, da bayyana yiwuwar samun kowane abu da ke cikin akwatin sa'a, da sauƙaƙa hanyar soke biyan wata-wata, da kuma mayar da kuɗin da ƙaramin yaro ya kashe ba da sanin iyayensa ba.

Na biyu, gwamnatocin jihohinmu. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca da wasannin sa'a hurumin jihohi ne. Wata guda kafin nan Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano. To, shagon da ke bakin titi an gan shi an rufe, saura wanda ke cikin aljihu. Ya kamata majalisun dokokinmu su zauna da masana kwamfuta da lauyoyi su duba matsayin akwatin sa'a. Malamanmu ma muna roƙonsu da su nemi a nuna musu yadda abin ke aiki, su fahimce shi ciki da bai, sannan su faɗa wa al'umma hukuncinsa, domin fatawar da aka bayar ba tare da sanin abu ba, matasa dariya kawai za su yi mata.

Na uku kuma mafi girma, mu iyaye. Yawancinmu abin da muka iya shi ne faɗa da ƙwace waya, bayan kwana biyu mu mayar. Ya fi amfani uba ya zauna da ɗansa ya ce nuna mini wasan nan, nawa ka kashe a wannan watan, yaushe zangon zai ƙare? A cire katin banki daga wayar da yaro ke riƙewa, a sanya lambar sirri kafin sayen komai, a kashe saƙonnin da wasan ke turowa yana kira, kuma waya ta kwana a falo ko ɗakin uwa. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, duk wanda ya yi lissafin abin da data kaɗai ke ci a gidansa zai san maganar ta wuce wasa. Sannan mu duba kanmu, domin uban da ya raba dare yana dangwalar ɓera ba shi da bakin yi wa ɗansa faɗa.

A ƙarshe, ga matasanmu: ku gwada barin wasan na mako guda. Idan abin da kuka ji shi ne kewar abokai da nishaɗi, to da sauƙi. Idan kuwa fargabar asarar kyautar gobe ce ta hana ku sukuni, ku sani wani ne a ofishinsa a Shenzhen ko Singafo ya tsara muku wannan fargaba, kuma albashi ake biyan sa a kanta. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma ba mu haifi wawaye ba. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.