Sifofin Japananci: Mu Bi Ta Hausa, Hanyar Ta Fi Kusa

'Yan'uwana ɗaliban harshe, ra'ayina a wannan fitowa ya shafi yadda muke tunkarar baƙon harshe. Da yawa daga cikinmu idan suka fara koyon Japananci sai su samo jerin kalmomi, a gefe ɗaya Japananci, a ɗaya gefen Turanci, su duƙufa hadda. Ni da na koyi Hausa a aji, ba a bakin uwa ba, ina ganin wannan zagaye ne. Nahawun Hausa da muke karanta kullum ya fi Turanci kusa da tsarin sifofin Japananci, kuma wanda ya yi watsi da shi ya bar jaki yana dukan taiki.

Sifofin Japananci sun kasu gida 2. Kashi na farko su ne masu ƙarewa da wasalin "i", kamar ookii (babba), chiisai (ƙarami), atarashii (sabo), furui (tsoho), yasui (mai araha) da oishii (mai daɗin ci). Kashi na biyu kuwa sai an sa musu "na" kafin su siffanta suna, kamar shinsetsu (kirki), genki (kuzari) da kirei (kyau ko tsafta).

Mu fara da kashi na biyu, domin a nan Hausa ta fi taimako. Mun sani cewa asalin sifofi a Hausa ba su da yawa, shi ya sa muke ɗaukar suna mu sa masa "mai" ko "masu". Muna cewa mutum mai kirki, yaro mai kuzari, ɗaki mai tsafta. Bajapane kuma yana cewa shinsetsu na hito, genki na kodomo, kirei na heya. Aikin da "mai" ke yi a wurinmu, kusan shi "na" ke yi a wurinsu, sai dai su sifar ce ke gaba, sunan na biye. Dubi kuma yuumei, wato shahararre. Da alamomi 2 ake rubuta ta, ɗaya na nufin samuwar abu, ɗaya na nufin suna. Ashe ba "ya yi suna" ke nan ba?

Kashi na farko kuwa halin aikatau gare shi, domin sifar da kanta take ɗaukar lokaci da korewa. Takai na nufin yana da tsada, takakunai ba shi da tsada, takakatta ya yi tsada a baya, takakunakatta bai yi tsada ba. Mai tunani da Turanci yakan nemi wata kalma daban da zai rataya wa shuɗaɗɗen lokaci, sai ya ce takai deshita, alhali daidai shi ne takakatta desu. Mu kuwa mun saba da kalmomi irin su tsufa da girma, inda hali ke zuwa da rigar aikatau: ya tsufa, bai tsufa ba, zai tsufa. Saboda haka abin ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Sai batun furuci. Hausa na bambanta dogon wasali da gajere, kamar gari na mazauni da gari na tuwo. Tana kuma bambanta baƙi ɗaya da tagwaye, kamar baba da babba. Japananci ma haka yake. Dole a ja wasalin ookii da chiisai, dole kuma a danne "t" ɗin yokatta, kamar yadda kita (ya zo) ta bambanta da kitta (ya yanka). Kunnen da aka horar a ajin tsarin sautin Hausa ba zai gauraya kawaii (mai ban sha'awa) da kowai (mai ban tsoro) ba. Wanda ya gauraya su gaban mai jego kuwa, ya ce mata jaririnta abin tsoro ne!

Har ma akwai inda muka fi su wahala. Sifar Hausa sai ta dace da jinsi da adadi: sabon littafi, sabuwar mota, sababbin motoci. A Japananci atarashii ce kawai a duk wuraren 3. Ɗalibin da ya sha gumi a kan jam'in Hausa ya riga ya hau dutsen da ya fi wannan tsawo.

Na san wani zai ce littattafan da ke zuwa hannunmu da Turanci aka yi bayaninsu, kuma Hausa ita ma tana iya ɓatar da mutum. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya. Mu "sanyi" ɗaya gare mu, su kuwa samui na sanyin gari ne, tsumetai na abin da aka taɓa ko aka sha, kamar ruwan randa. Muna cewa tsohon gida da tsohon mutum, amma furui ba a faɗa wa dattijo ita da nufin yawan shekarunsa. Takai kuma ta haɗa tsada da tsawo irin na dutse ko bene, abin da muka raba. Sannan akwai masu ɓad da kama: kirei da kirai (abin ƙi) suna ƙarewa da "i" amma 'yan gidan "na" ne, ii (mai kyau) kuma tana komawa yokunai da yokatta. To amma Turanci ma bai tsira daga tarkon samui da furui ba, kalma ɗaya yake ba kowannensu da abokiyarta. Bambancin shi ne, wanda ya kwatanta da kansa yana gano inda ramin yake, mai hadda kuwa sai ya faɗa ciki tukuna.

Shawarata ita ce kowa ya buɗe littafin rubutu mai layi 3: sifar Japananci, gidan da ta fito, da cikakkiyar jimlar Hausa da ta yi daidai da ita. A riƙa koyonsu biyu-biyu, kishiya da kishiya, kamar ookii da chiisai, takai da yasui, atarashii da furui. Kowace kuma a juya ta zuwa korewa da shuɗaɗɗen lokaci tun ranar farko. Mai niyyar zama jarrabawar ƙwarewa a Japananci, wadda aka fara a 1984 kuma aka mai da ita matakai 5 a 2010, zai ci karo da irin waɗannan sifofi tun a matakin farko, wato N5.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar Hausa a matsayin darasin cin jarrabawa kawai, mu ajiye ta da zarar mun fita daga aji. Idan har ba mu iya auna wani harshe da ita ba, to me muka karanta? Mu gwada ta a kan sifofi 20 na Japananci a wannan zango, mu kawo abin da muka gano a fitowa ta gaba.