Ra'ayinmu: A Likita ma, Shimfiɗar Fuska ta Fi ta Tabarma

Kowane ɗan kasuwa ya san wanda ya ɗaure wa mai saye fuska yau, gobe rumfar maƙwabci za shi. A likita ma haka abin yake, sai dai can hasarar ta rai ce. Macen da ta rufe tebur tun hantsi, ta yini a layi da yaro mai zazzaɓi, aka kuma yi mata tsawa, in ciwo ya dawo wajen mai tallar ƙwayoyi za ta nufa.

A shekarar 2006, zamanin shugaba Mamadou Tandja, gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki. An ji daɗin haka. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya yanke a wurare da dama. Ma'aikacin da ba shi da kayan aiki, haƙurinsa kaɗan ne.

Duk da haka mun shaida cewa dabara ba sai da kuɗi mai yawa ba. A Mirriya, jihar Damagaram, a 2013, ma'aikatan ƙungiyoyin Befen da Alima sun koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zare mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani, sai likita. Iyaye suka iya awon kamar ma'aikatan ƙauye, aka riƙa kawo yara da wuri. An yarda da uwa ne, aka sa ta cikin aikin.

Irin wannan muke so ya yaɗu. A liƙa farashin kowane aiki a ƙofa. A raba lamba don hana tsallake layi. A bayyana wa majinyaci takardar magani da harshen da yake ji. A ware awon ciki da marece saboda matan kasuwa.

Shugabannin likitoci su saurari shawarar ƙananan ma'aikata, su yaba wa mai ƙwazo a bainar jama'a. Gwamnati ta biya haƙƙinsu kan lokaci. Mu kuma, ƴan kasuwa maza da mata, mu shiga kwamitin kula da likitar unguwa, mu kai kuka inda ya dace, mu daina neman alfarma a layi, mu kai yara tun ciwo bai ci ƙarfinsu ba.