Kafin Ingilishi Ya Shigo Ajin CM a Gure

Ran nan da yamma ina gidan ƙanwata a nan Gure, 'yarta da ke aji CM2 ta ɗauko kayenta tana hadda a kan tabarma. Darasi ne kan yadda ruwan sama ke samuwa. Ta zubo shi da Faransanci tsaf, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Na ce, "Madalla 'yata. To faɗa mini da Hausa, me darasin ya ce?" Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, can ta ce, "Kawu, mushe bai ce mu fassara ba." Yarinyar nan in ta dubi hadari ta gabas tana iya gaya maka ko zai zuba. Amma ba ta san cewa abin da ta haddace maganar hadarin nan ce ba.

Uwarta kuwa abin da ya dame ta daban. "Yaya, an ce yanzu Ingilishi ya zama harshen aiki. Ba gara su fara shi tun yanzu ba?"

Gaskiyarta. Kundin Refondation na Nijar da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya ce Faransanci da Ingilishi su ne harsunan aiki. Mu kuma mutanen Muniyo, wato yankin nan na Gure, ba sai an yi mana wa'azi kan amfanin Ingilishi ba. Jihar Yobe na kudu da mu, Nguru da Gashuwa kasuwanninmu ne tun kaka da kakanni, kuma takardar magani ko rasidin kaya da aka zo da su daga can da Ingilishi suke. Mai neman aiki a matatar SORAZ ko rijiyoyin Agadem ya san darajarsa. Ina goyon bayan yaranmu su iya shi, kuma ban ga dalilin jira sai sun shiga kwaleji ba.

Sai dai a kan wane tushe za a ɗora shi? Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin ɗaliban Nijar goma masu gama firamare, ko ɗaya bai cika ba da ke karatu yana fahimta yadda ya kamata. Yaron Gidigir ko Kelle yana tashi da Barbarci, ko Hausa, ko Fulatanci, ko Tubanci. Ran da ya shiga CI, ajin farko, ake rufe masa wannan ƙofar, a miƙa masa harshen da ba a yi a gidansu, ba a yi a bakin rijiya, ba a yi a masallaci. Shekara shida yana maimaita abin da aka faɗa. In muka ƙara masa baƙon harshe na biyu a haka, hadda biyu zai riƙa yi, ba zai fahimci ko ɗaya ba, a ƙarshe kuma a ce shi ne daƙiƙi. Wannan zalunci ne, kuma mu manya Allah zai tambaya.

Abin da ya fi ci mini rai, maganin a hannunmu yake. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, dokar ilimi ta 1998 ma ta amince a koyar da harsunan gida. Yaron da ya fara karatu da harshen uwarsa, in ya kai CM1 ya riga ya san cewa rubutu magana ce, sai ya ɗauki Faransanci da Ingilishi da hankali kwance. Fiye da shekara 50 ke nan, har yau ba mu gama gwaji ba. (Kuma kada murnar ɗaukaka Hausa ta sa a manta cewa ɗan Manga da Barbarci ya kamata ya fara.)

Akwai kuma batun adalci. In aka bar Ingilishin firamare ga makarantun kuɗi na manyan birane, 'ya'yan masu hali za su wuce, ɗan makiyayi da ke karatu a rumfar zana ya tsaya yana kallo. Malamin kwantaragi da ke jiran albashi, shi kaɗai da aji maƙil, ba za a ba shi littafin Ingilishi a ce ya koyar da abin da ba a koya masa ba.

Ina roƙon hukumomin ilimi na jihar Damagaram su fara da horar da malamai, su kawo littattafan Hausa da Barbarci ƙananan azuzuwa, sannan Ingilishi ya shigo CM1 da CM2 a makarantun gwamnati, na gari da na ƙauye. Ku kuma iyaye, in yaro ya gama hadda yau da dare, ku ce ya faɗa muku ma'anarta da harshen gida.