Ɗan Lakwal Ya Dawo Gida: Wa Zai Ba Shi Mabuɗi?

Jama'a, duk wanda ya ratsa unguwannin Tasawa ko na Mayahi da hantsi ya san abin da za mu faɗa. A ƙofar gida ga tabarma, ga butar shayi bisa gawayi, ga samari huɗu ko biyar an kafa fada. Cikinsu ba a rasa mai lisansi daga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Can cikin zaure kuwa uba ya yi tagumi. Shi ya sayar da buhunan wake da na aya, uwa ta sayar da tumakinta, shekara da shekaru, domin wannan takarda da ke kwance yau cikin akwati.

Zaman gidan ya yi nauyi. Uba ba ya iya aiken ɗansa kamar yaro, ba ya kuma iya sallamarsa kamar magidanci. Uwa tana ƙara kwano ɗaya a rabon tuwo, tana ba shi kuɗin sabulu a ɓoye. Ƙannen da ke kwaleji suna kallo, suna tambayar kansu amfanin karatu. Idan ɗiya ce ta dawo, maganar aure ta rufe maganar aiki tun kafin ta kwance kaya.

Ina tushen wannan hali? Bayan samun mulkin kai a 1960, lakwal hanya ce miƙaƙƙiya zuwa teburin gwamnati, domin masu ilimin boko ba su da yawa. Da kuɗin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da FMI, ƙofar ɗaukar ma'aikata ta ƙuntata. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu da yawa, bai kawo ayyuka ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata kansu suka yi watanni ba albashi. Daga baya aka cika azuzuwa da ƴan kwantaragi. A 2010 aka buɗe jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, masu takarda suka ƙaru. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500. Wane ofis ne zai ɗauke ƴaƴan wannan jama'a?

Ke nan alkawarin da muke jira ya warware tun kafin a haifi waɗannan yara. Amma har yanzu muna auna su da ma'aunin zamanin Diori: wanda bai samu teburi ba ya faɗi. Shi ya sa uba yake yawo da takardun ɗansa daga wannan babba zuwa wancan, alhali shagonsa na kasuwa ba wanda ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ya ku ƴan kasuwa, ku ba su mabuɗi. Wanda ya karanta lissafi zai iya riƙe littafin shago, ya bi bashi, ya auna riba tsakanin sefa da naira. Wanda ya karanta noma zai iya gwada irin gero da wake a gefen gonar gandu, ya adana amfani har farashi ya tashi. Za ku ce ɗan boko bai san kasuwa ba, zai cinye jari. Tsoron yana da dalili. To a fara masa da kaɗan, a sa ido, a yi lissafi duk ƙarshen wata. Ku ma da talla kuka fara, wani ya amince muku. Ɗiya kuma a ba ta irin wannan dama, domin kuɗin karatunta bai fi na ɗan'uwanta araha ba.

Ya ku ma'aikata, ku da kuka ɗanɗana jiran albashi, ku daina jin kunya idan ɗanku ya kama kiwo ko sana'ar hannu. Ku kuma samari, ku sauke girman kai. Takarda ba ta hana riƙon hauya, kuma da zaman banza gara aikin kishiya. A zaɓuɓɓukan da aka yi daga 1993 zuwa 2021 an ga yadda ƴan siyasa suka riƙa kwasar ƴan fada zuwa gangami da riga da kuɗin shayi. Wanda ba ya da abin yi, kowa na iya sayensa da araha.

Wannan bai wanke hukuma ba. Wajibi ne jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta kasance a fili, ba sani ba sabo, kuma wanda ya gama bautar ƙasa kada a sallame shi hannu rabbana. Sai dai gida ba zai jira Yamai ba. Damina ba ta jiran kowa, kuma mabuɗin shago da na rumbu suna aljihun uba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa gumin iyaye kada ya tafi a banza.