A Mayar Da Makarantun Mishan, Amma Kada A Bar Talaka A Bakin Ƙofa

Duk lokacin da aka koma makaranta a watan Satumba, mu da muke aikin Ikilisiya mun san abin da ke biyo bayan sujada. Iyaye ne a tsaye, kunya ta rufe su, suna neman taimakon kuɗin makaranta. Makarantar gwamnati ta unguwa babu kujeru, malamai ba su isa ba. Ta kuɗi kuwa ta fi ƙarfin aljihunsu. Mai hali yana zaɓar wa ɗansa makaranta, talaka kuwa abin da ya tarar shi ne rabonsa.

Idan ba a manta ba, a shekarun 1970 ne gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan. St. John's ta Kaduna ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena. Hujjar ita ce haɗa kan ƙasa bayan yaƙin basasa da buɗe wa kowa ƙofar ilimi. Niyya ce mai kyau. Amma da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976, yara suka yi ta kwarara, gwamnati ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyanta.

Waɗansu jihohi sun sake shawara. A 2001 Legas, a zamanin Gwamna Bola Tinubu, ta mayar da makarantu ga masu su, Kirista da Musulmi, har da ƙungiyar Ansar-ud-Deen. A 2011 Gwamna Peter Obi na Anambra ya mayar wa ikilisiyoyi makarantun firamare fiye da 1,000, amma gwamnati ta ci gaba da biyan albashin malamai, ta kuma ba da kuɗin gyara. Nan ne darasin yake. Inda aka miƙa ginin kawai aka juya baya, dole masu makarantar su ɗora nauyin a kan iyaye, kuɗin makaranta ya haura.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai makarantu da jami'o'in da aka gina da baikon manoma da na mata masu sayar da ƙosai, amma 'ya'yansu ba sa iya shiga. Wannan abin kunya ne gare mu, ba kuwa gwamnati ce ta jawo mana shi ba.

Abin da muke roƙo ba sabo ba ne. Kafin a karɓe makarantun, gwamnati takan ba su tallafin kuɗi, sufeto ya zo ya duba aikinsu. A dawo da wannan tsari, kuɗin ya bi yaro zuwa makarantar da iyayensa suka zaɓa, ta gwamnati ce, ta mishan ce, ko Islamiyya. Sharuɗɗa uku ne: a bi manhajar ƙasa, a ƙayyade kuɗin da za a karɓa, kada kuma a tilasta wa yaro addinin da ba na gidansu ba. A ƙauyen da makaranta ɗaya ce tak, babu zancen zaɓi. Can gyaran ta gwamnati shi ne farko.

Saboda haka muna kira ga majalisun jihohinmu su duba wannan batu. Shugabannin Ikilisiya kuma, kafin su nemi a ba su makullan, su fara gaya mana kujeru nawa suka ware wa 'ya'yan gwauraye da marayu.