Wa zai saurari mai damuwa a Kumagannam?

A Kumagannam, cikin ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, wanda damuwa ta hana barci ba shi da inda zai nufa. Manomin da rairayi ya binne wa gona sai ya daina fitowa majalisa, mai jego kuma ta wayi gari ba ta son ɗaukar jaririnta, a ce iska ce, a nemi rubutu. Addu'a ita ce farko, ban musa ba. Amma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Maiduguri, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa iyali su haƙura. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006: aka horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya amayar da cikinsa, su taimaka masa ya zaɓi matsala ɗaya ya fara da ita. Mu ma wurin zaman muna da shi, ga tabarmar majalisa bayan la'asar, ga taron adashin mata. Horo ne babu, musamman kan riƙon sirri, don a ƙauye magana ba ta kwana. Nijeriya ta yi sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a madadin ta 1958, to ya kamata gwamnatin Yobe ta haɗa kai da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, a horar da ungozomai da limamai su gane wanda hira za ta ishe shi da kuma wanda dole a kai shi wurin likita yau.