Ba Wayarka Ce Ke Ɓoye Maka Tikitin Araha Ba

Da azumi ya gabato, duk matashin da ke riƙe da babbar waya a Fagam ko Gwaram ya zama ejan ɗin gidansu. Baba ya sayar da amfanin gona zai tafi Umara, sai a ce maka: "Duba mana tikiti." Ka buɗe Google Flights ko Wakanow, ka ga Kano zuwa Alƙahira da sauƙi, Alƙahira zuwa Jidda ma haka, amma da ka haɗa su a tikiti ɗaya sai kuɗin ya yi sama. Nan take wani zai ce shafin ya gane ka, ka goge tarihin bincike ko ka sauya waya. A ganina wannan ɓarnar data ce kawai.

Kujerun ajin ekonomi iri ɗaya ne, amma kamfani yana raba su rukuni-rukuni, kowanne da harafinsa da farashinsa. Y ne yawanci mafi tsada, sauran haruffa suna ƙasa da shi. Kwamfutar kamfanin tana duba cinikin shekarun baya da yadda ake saye yanzu, ta yi hasashen mutum nawa za su zo daga baya su biya da tsada, sai ta rufe rukunin araha don ta ajiye musu wuri. Dabarar ta bunƙasa a Amurka bayan an sakar wa kamfanoni mara a kan farashi a 1978, kuma da ita American Airlines ya yaƙi kamfanin araha na People Express a 1985.

A tafiya mai yada zango, kwamfutar tana auna tafiyar ce gaba ɗayanta. Kano zuwa Jidda kasuwa ce mai zaman kanta, da nata farashin. Kujerar da kake so daga Kano, akwai mai zuwa Landan da ke neman ta, kuma a Ramadan ta Jidda masu Umara daga ƙasashe da dama ke rububinta. Idan kuɗin da za ka biya bai kai darajar kujerun biyu a lissafin kamfani ba, ba za a nuna maka rukunin araha ba, ko da rabin jirgin babu kowa.

Mun ga ƙarfin wannan makulli a Najeriya. A 2022 da 2023, lokacin da kuɗin kamfanonin jiragen waje fiye da dala miliyan 700 suka maƙale a ƙasar saboda ƙarancin dala, da yawansu sun rufe rukunonin araha ga masu saye daga nan. Sai a farkon 2024, bayan an fara biyan su kuma hukumar NCAA ta matsa, suka sake buɗewa. Wayar kowa ba ta canza ba, amma farashi ya sauko.

Abin da na fi jin tsoro shi ne dabarar yanka tikiti biyu daban don a rage kuɗi. Idan jirgin Kano ya makara, na biyun ya tashi, babu wanda zai ɗauki nauyin Baba, sai sabon tikiti. Ƙila kuma sai ya karɓi kayansa ya sake awo, wanda kan buƙaci bizar ƙasar da ya sauka. A tikiti ɗaya kuwa, kamfani ne zai nema masa wani jirgin. Kada kuma ka tsallake zangon farko, domin za a soke sauran tafiyar.

Ga abin da ke aiki. Matsar da ranar tafiya gaba ko baya da kwana biyu ko uku. Gwada EgyptAir ta Alƙahira da Ethiopian Airlines ta Addis Ababa, ka kuma duba tashi daga Abuja, amma ka haɗa da kuɗin mota da masauki. Idan ku huɗu ne, fara bincika kujera ɗaya: in saura biyu a rukunin araha, neman huɗu zai sa a ba ku duka a farashi na sama. Kunna sanarwar farashi a Google Flights tun watanni kafin azumi, kuma kafin ka biya ka tabbatar zangon biyu suna ƙarƙashin lambar ajiya ɗaya.